Allurar Ciwon Gaɓɓai: Wa Ta Dace Da Shi, Wa Take Cutarwa?

Duk wanda ya zauna a Samaru ko Sabon Gari ya san wannan maganar: "A kai ta kyamis a yi mata allurar nan mana, ai kafin jibi ta miƙe." Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ka ji ana yawan faɗinta. Iyayenmu mata da kakanninmu na kukan gwiwa, 'yan dakon kasuwar Sabon Gari na kukan kafaɗa da ƙugu, samarin da ke buga ƙwallo da yamma na kukan idon sawu. Kowa da inda ke masa ciwo, amma shawarar da ake ba su ɗaya ce.

Kuma gaskiyar magana, allurar tana aiki. Dattijuwar da jiya a zaune ta yi sallah, sai ka gan ta bayan kwana biyu tana sujada ba ko cije baki. Wannan saurin ne ya sa aka yarda da ita, shi ne kuma ya sa ba mai tambayar me ke cikin sirinjin. Sau da yawa abin da ke ciki sitiroyid ne, ko shi kaɗai, ko an haɗa shi da maganin kashe zafi irin su daikulofenak.

Maganar ta shafe mu ɗalibai kai tsaye, ko da gwiwoyinmu lafiya lau suke. A gida mu ne 'yan boko. Mu ake miƙa wa kwalin magani a ce "karanta mana", mu ake aika kyamis, mu ke tare wa Hajiya Keke mu raka ta. Don haka ya kamata mu san wace irin allura ce wannan, wa ta dace da shi, wa kuma za ta iya nakasawa.

Shi sitiroyid ɗin mene ne?

Da farko a raba su gida biyu, don sunan yana ruɗa mutane. Akwai wanda wasu 'yan ɗaga ƙarfe ke amfani da shi don ƙwanji ya fito. Wannan dangin sinadarin mazakuta ne, ba shi ake yi wa mai ciwon gwiwa ba. Wanda muke magana a kai dangin kotison ne. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke samar da sinadari mai suna kotisol. Shi ke taimakon jiki wajen daidaita suga da ƙarfin bugun jini, da jure wahala, da kwantar da kumburi. Abin da masana suka yi shi ne ƙera kwaikwayonsa a ɗakin gwaji, har ma wanda ya fi na jiki ƙarfi. Deksametason, wanda kowa ke kira deksa, ya ninka kotisol ƙarfi wajen sau 25.

A shekarar 1948 wani likita mai suna Philip Hench, a asibitin Mayo da ke Amurka, ya fara gwada kotison a kan wata mata 'yar shekara 29 da amosanin gaɓɓai ya kwantar. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Abin ya girgiza duniya, har a 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Ba a daɗe ba aka fara ganin illa ga waɗanda ake ba wa maganin kullum: fuska ta kumbura, jini ya hau, suga ya hau, wasu hankalinsu ya rikice. Shi ya sa a 1951 Joseph Hollander da abokan aikinsa a Filadelfiya suka ɓullo da dabarar zuba maganin kai tsaye cikin gaɓar da ke ciwo, don a kwantar da kumburin ba tare da an jiƙa jiki duka da shi ba.

In kana son gane shi a jikin kwali, duba ƙarshen sunan maganin. Yawancinsu da haruffan "sone" ko "olone" suke ƙarewa. Sunayen kasuwa da za ka iya cin karo da su sun haɗa da Kenalog, Depo-Medrol da Diprofos.

Allurar iri biyu ce

Nan ne ruɗanin yake. In ka ji likitocin ƙashi suna cewa allurar sitiroyid na taimakon ciwon gaɓa, yawanci wadda ake yi cikin gaɓar suke nufi. Likita zai duba mara lafiya, wataƙila ya sa a ɗauki hoton ƙashi, ya wanke fatar wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya shigar da allurar tsakanin ƙasusuwan. In gwiwar ta tara ruwa, sai ya fara zuƙe shi, in yana shakka ya aika ɗakin gwaji. Gaɓa mai zurfi kamar ta ƙugu, sai da na'urar hoto ake nuna wa allurar hanya. Bayan an gama a ce mutum ya hutar da gaɓar kwana ɗaya ko biyu.

Wadda aka fi yi a shagunan unguwa kuwa a mazaunai ake yin ta. Wannan jini ne zai kwashe ta ya zagaya da ita ko'ina: ƙashi, ido, ciki, hanta, ƙwaƙwalwa. Su ma likitoci sukan yi ta jefi-jefi, misali ga wanda amosani ya kama wa gaɓɓai da yawa lokaci guda, kafin maganinsa na dindindin ya fara aiki. Amma a ce gwiwa ɗaya ce ke ciwo a ɗura wa jiki duka magani, kamar ɗaki ɗaya ne ke da sauro ka bi gidan gaba ɗaya da fiya-fiya har da tukunyar miya. Ga shi wasu nau'o'in an ƙera su ne don su narke a hankali, su yi makonni a jiki. In an yi an yi ke nan, ba yadda za a zaro ta.

Wa ta dace da shi?

Mu Hausawa duk ciwon gaɓa "sanyin ƙashi" muke ce masa, alhali cututtuka ne daban-daban suka tara suna ɗaya. Akwai zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, wanda shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni ke kawowa. Shi ne ya fi damun dattawa a gwiwa. Akwai amosanin da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓɓai, wanda ya fi kama mata, yakan fara da yatsun hannu biyu, mutum ya tashi da safe a sanƙare sama da rabin awa. Akwai gawut, inda wani gishiri ke taruwa a gaɓa, musamman babban yatsan ƙafa, ya tayar da mutum cikin dare da zafi kamar wuta. Akwai sanƙarewar kafaɗa, wadda ke hana mace ɗaura ɗankwali, kuma ta fi yawa ga masu ciwon suga. Akwai kuma gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga.

Aikin sitiroyid kashe kumburi ne, don haka inda kumburi ne tushen zafin, nan ya fi amfani. Gwiwar dattijo da ta tashi ta tara ruwa ta hana shi barci, gaɓa ɗaya da ta ƙi kwanciya ga mai amosanin da ke shan maganinsa, gawut ga wanda olsa ko ciwon ƙoda ya hana shi shan ƙwayoyin kashe zafi, kafaɗar da ta sanƙare ana son zafin ya ragu don a fara motsa ta: a irin waɗannan wurare allurar cikin gaɓa, a hannun wanda ya ƙware, magani ce ta gaske, kuma yawancin mutane ba sa samun wata babbar matsala da ita. Abin da ba ta yi shi ne mayar da guringuntsin da ya cinye.

Sauƙin na kwana nawa ne?

A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara bincike ta auna ingancinsa, ta duba gwaje-gwaje 27 a kan allurar cikin gwiwa ga masu zaizayewar guringuntsi. Abin da ta gano shi ne sauƙin ya fi ƙarfi a mako ɗaya zuwa biyu na farko, ya ragu a mako na huɗu zuwa na shida, ya zama kaɗan a wata na uku, a wata na shida kuwa babu alamarsa.

To, in ya ƙare a sake mana? Wannan ma an gwada. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da aka yi a Boston a kan mutum 140. Rabi aka riƙa yi musu allurar tirayamsinolon cikin gwiwa duk mako 12 har shekara biyu, rabi kuma ruwan gishiri zalla. A ƙarshe babu wani bambancin a zo a gani wajen zafi, amma waɗanda aka yi wa sitiroyid guringuntsinsu ya ragu kusan ninki biyu na ɗaya ɓangaren.

Akwai wani da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2013, a kan mutum 165 masu ciwon jijiyar gwiwar hannu, irin wanda ke kama kafintoci da makanikai da masu daka. A makonnin farko 'yan allurar sun fi jin daɗi. Da shekara ta zagayo, 83 cikin 100 nasu ne suka warke, alhali a waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki 96 ne suka warke. Ciwon ya dawo wa 54 cikin 100 na 'yan sitiroyid, ɗaya ɓangaren kuwa 12 kacal.

Shi ya sa likitoci da yawa ba sa maimaita ta a gaɓa ɗaya kafin wata uku, ba sa wuce sau uku ko huɗu a shekara. Allurar aron lokaci ce. Ana so mutum ya yi amfani da makonnin da ya samu ya ƙarfafa cinyarsa, ya rage nauyi, ya fara maganin asalin cutar. In ya koma ya zauna yana jiran ta biyu, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Waɗanda bai kamata a taɓa ba sai da likita

Na farko, wanda gaɓarsa ta kumbura, ta yi zafi rau in an taɓa, ga zazzaɓi, ga shi ko motsa ta ba ya iyawa. Wannan yana iya zama ƙwayar cuta ce a ciki, kuma tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki. Sitiroyid yana kwantar da garkuwar jiki ne, wato ka kori maigadi ɓarawo na cikin gida. Zafin zai lafa na ɗan lokaci, cutar na ci gaba da ɓarna. Haka ma tarin tibi, wanda bai tsaya a huhu kaɗai ba: yana kama ƙashin baya da ƙugu da gwiwa a hankali, har a ɗauka sanyi ne. Duk mai ciwon gaɓa da ke ramewa, yana gumi da dare, ko ya daɗe yana tari, gwaji yake buƙata.

Na biyu, masu sikila. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da cutar a Nijeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da iri. Da wuya a sami ajin da ba mai sikila ko ɗan'uwan mai sikila. Ciwon ƙashinsu toshewar hanyar jini ke kawo shi, kuma an san sitiroyid na iya tayar musu da ciwon ko ya dawo da shi da ƙarfi bayan ya lafa. Sannan akwai mutuwar kan ƙashin cinya, inda jini ke daina isa ƙashin har ya burma, mutum ya koma ɗingishi. Sikila na kawo wannan, yawan sitiroyid ma na kawo shi. Haɗa su biyun ba ƙaramin ganganci ba ne.

Na uku, masu ciwon suga. Ko allurar cikin gaɓa ce, wani ɓangare na maganin na shiga jini, suga ya hau na kwanaki, wani lokaci har sama da mako. Wanda sugansa ke kwance ana iya yi masa, amma a riƙa aunawa. Matsalar ita ce da yawa daga cikin iyayenmu suna da suga ko hawan jini ba su ma sani ba, kuma ba a gwada su kafin a soka.

Sai mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ƙurji ko gyambo kusa da wurin, da wanda aka sa wa gaɓar ƙarfe. Wanda ake shirin yi wa aikin canjin gwiwa ko ƙugu ma, likitoci na guje wa yi masa allurar cikin wata uku kafin aikin, saboda haɗarin ƙwayar cuta.

Illar yau da ta gobe

Akwai ƙananan illoli da kan wuce da kansu: zafin ya ƙaru na kwana ɗaya ko biyu, fuska ta yi ɗumi, barci ya ƙi zuwa, al'adar mace ta rikice. Akwai wanda ya fi fitowa a baƙar fata irin tamu, wato wurin da aka yi allurar ya yi fari ko ya lotsa, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya koma. In an zuba maganin cikin jijiya mai ɗaukar nauyi kamar agara, tana iya yin rauni har ta tsinke.

Babbar ɓarnar tana ga wanda ya mayar da abin abinci, duk wata sai an yi masa, ko yana shan deksa a cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla masa a leda ba suna. Fuska za ta yi fam kamar wata, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi nankarwa. Mutane su ce "kai, Hajiya ta murmure", alhali cuta ce. Shi ne dai maganin da wasu 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe. A ƙarƙashin wannan ƙibar ƙashi na zama kamar soso, suga da jini na hawa, yana na rufe ido, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata kowa ya sani. In jiki ya daɗe yana samun sitiroyid daga waje, ƙullutun nan na saman ƙoda sai su daina aiki. Ranar da aka yanke maganin kwatsam, mutum ya rasa na waje ya rasa na ciki: kasala, amai, jiri, jini ya faɗi, har a iya rasa rai. Don haka in ka gano wani naka ya yi sama da mako uku yana shan irin wannan kullum, kada ka ƙwace ka zubar. Kai shi asibiti da ledar maganin, a rage masa a hankali.

Hannun mai yi da ingancin kwalba

A hannun ƙwararre, shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa ta hanyar allurar abu ne mai wuyar faruwa, sai an yi dubbai kafin a sami ɗaya. Wannan lissafin na wurin da aka kiyaye tsafta ne. A 2012, a Amurka, wani kamfanin haɗa magani a jihar Masacusets ya fitar da allurar sitiroyid da fumfuna ya gurɓata. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, da yawansu da sanƙarau, 64 suka mutu. In haka ta faru a can, sai mu yi tunanin kwalbar da ta sha zafin Afrilu a kan kanta, ko wadda aka buɗe jiya aka ɗiba aka ajiye sauran.

Allurar mazaunai ma tana da nata. In ba a san wurin sokawa ba, a taɓa babbar jijiyar da ta sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, mutum ya koma jan ƙafa. In an maimaita sirinji, ga ciwon hanta da ƙanjamau. In ba tsafta, wurin ya yi ruwa sai an tsaga.

A nan ya kamata a yi adalci. Mutane na zuwa kyamis ne don yana kusa, ba layi, ba yankar kati, wani lokaci ma ya ba ka bashi. Masu kyamis da yawa mutanen kirki ne da ke rufa wa unguwa asiri. Sai dai lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wato PCN, ke ba mai ƙaramin kyamis na sayar da ƙananan magunguna ne da aka lissafa masa, cikin kwalinsu na asali. Allurar sitiroyid ba ta ciki, balle a ce ya soka ta a gwiwa. Magani ne da sai da takardar likita. In an rubuta maka, saya a famasi mai rajista, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar ta waya.

'Yan wasanmu ma su lura. Tun daga 1 ga Janairun 2022, hukumar WADA ta haramta duk wata allurar wannan dangin a lokacin gasa, har da ta cikin gaɓa, sai da izini na musamman. Ko ba don doka ba, zafi ne ke gaya maka rauni bai warke ba. Ka kashe shi ka shiga fili, ƙaramin targaɗe ya zama abin da zai raba ka da ƙwallo.

To, me za a yi wa Hajiya?

A fara da gano sunan cutar. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ba nisa daga Samaru, da likitocin ƙashi da sashen gashi. Akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano in abin ya yi girma. Kuɗin mota da bin layi na kwana ɗaya ba su kai kuɗin canjin ƙugu ba.

Abin da ya fi daɗewa yana amfani ga gwiwar da ta zaizaye ba a kwalba yake ba. A wani gwaji da aka buga a 2020, an raba mutum 156 a asibitocin sojan Amurka, wasu allura, wasu gashi da motsa jiki. Bayan shekara, 'yan motsa jikin sun fi ƙarancin zafi da sauƙin tafiya. An kuma auna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, gwiwa na samun ragin wajen kilo huɗu a kowane taku. Sai man shafawa na kashe zafi, da sanda in ta kama, da kujerar bayan gida maimakon tsuguno. Sallah a zaune kuwa addini ya yarda wa wanda bai iya tsayuwa ba, kada kunya ta kai dattijo ga allurar da ba ta dace da shi ba. Su ma ƙwayoyin kashe zafi irin su daikulofenak da ibufurofen ba na kullum ba ne, suna jawo olsa suna taɓa ƙoda.

In likita ya ce allurar ce ta dace, kai da ka raka mara lafiya ka yi tambaya cikin ladabi: me ke damun gaɓar, me sunan maganin, a ina za a yi ta, yaushe za a iya sakewa? Ka faɗa masa in akwai suga, hawan jini, sikila, olsa ko ciki, da duk allurar da aka taɓa yi a waje. Ka rubuta ranar a wayarka. In bayan kwana biyu zafin ƙaruwa yake, ko gaɓar ta kumbura ta yi zafi, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu ƙarfin gwiwa, amin.